Jan fentin da muka ɗauka na riga-kafi ne

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni uwa ce a Kagarawal, gidanmu yana bakin kwari.

Kafin damina wasu ma'aikata suka shafa jan fenti a bangon maƙwabciyata, Maman Rifkatu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Tana kasuwa a lokacin. Da ta dawo ta tambaye ni, na ce, "Masu riga-kafi ne, kada ki damu." Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ai nawa sun wuce allura." Ashe gargaɗi ne cewa kwari ya kusa cin gidan. Ruwan watan jiya ya tafi da ɗakinta, yanzu a zaurena suke zaune.

Ma'aikatan ƙaramar hukuma, fenti ba ya magana. Ku yi sallama, ku faɗa da baki, ku nuna wa mutum inda zai koma. Mu mata kuma mu ji tsoron Allah, mu daina zuba shara a magudanar ruwa. Ni ma na zuba, na tuba.

Masu sauraro, wane ofishi za mu je? Jiya na dawo daga gaisuwa na tarar da jan fentin a bangona.