Mai Shayi Ya Shanye Mini Zanen Na'ura

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni mai gyaran rediyo ne a Bagwai. Na gaji na'urar gwada bawul, ƙwan gilashin rediyon da, amma ta mutu. Sai da na karaɗe Kano kafin wani dattijo ya bar ni na kwafi zanen wayoyinta da tawada. Maƙwabcina mai shayi ya zaci hatimin jawo kasuwa ne, ya sace, ya wanke, ya shanye! Da na tuhume shi ya ce, "Malam, ai albarka ba ta mutum ɗaya ba ce." Dattijon kuwa ya rasu, balle na sake kwafa. Ban yafe ba! Rediyon mai shayin da ya kawo gyara yana shagona, wallahi ko tari ba zai sake yi ba. Jama'ar Bagwai, tunda ba shi da abin sauraro, ku kai masa labari.