Ukun da Noeline Ta Bari

Mai girma Shugabar Ƙaramar Hukuma, Rabaran Hollis, Dakta Pham likitarmu ta dabbobi, Merv mijin marigayiya, 'yarta Tash, 'yan'uwana masu aikin sa-kai, ina gaishe ku. Sunana Glenys Carmody. Na rubuta jawabi shafi uku, amma hankalina ba a kwance yake ba, don haka abin da ke raina kawai zan faɗa.

Shekara goma sha tara muka yi da Noeline Brophy a gidan kula da dabbobi na garin nan, kuma ban tuna makon da ba mu yi cacar baki ba.

Ta kasance mai taurin kai. Kafin zuwanta, duk jaririn kyanwar da aka tsinto ba uwa, ido bai buɗe ba, allura ake yi masa ya huta, don ba mai iya ba shi madara duk bayan awa biyu. Ranarta ta farko wani manomi ya kawo guda huɗu a bokiti. Ta kwashe su ta zuba cikin rigarta. Na ce, "Baiwar Allah, dokar gidan fa?" Ta ce, "Dokar ta zo ta ciro su da hannunta mu gani."

Ta kasance mai faɗa. Ran da ta kama ni na kwantar da ɗaya rigingine ina ba shi madara a fida kamar ɗan mutum, har masu wanke kejin karnuka sun ji muryarta: "Glenys, kashe shi za ki yi? Kife shi a kan cikinsa, madara za ta shige masa huhu!"

Ta kasance kuma mai rowar aikinta. Ba ta yarda da hannun kowa ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu ma daɗi muka ji, muka sakar mata kayan ita kaɗai. Wannan yana cina.

Talatar makon jiya zuciyarta ta tsaya tana shanya. Ta bar jariran kyanwa biyar, kwanansu shida a duniya. Muka ɗauko su, muka yi juyin duniya, suka ƙi kama fida. Kafin Alhamis biyu sun mutu a tafin hannuna. Dakta Pham ta ce in sauran ba su sha ba zuwa Juma'a, gara a hutar da su, kuma gaskiyarta ce.

Juma'a da safe sai ga Merv. Merv ɗin da kuka sani, mai kiransu "ɓerayen Noeline". Ya ce, "Ba ni su." Na ce, "Kai Merv, ka taɓa riƙe fida?" Ya ce, "Ke dai ba ni. Shekara nawa ina kallon tsohuwar nan ta bayan jarida?" Ya zaro tsohuwar rigar sanyin Noeline daga leda ya saka, ya kifa su a ƙirjinsa. Suka shinshina, suka ji ƙamshinta, suka lafe, suka kama sha.

To, masu raɗa tun a coci, kun ji abin da ya sa mutumin nan yake zaune cikin rigar ulu ta mata a wannan zafin bazararmu ta Disamba. Tash, na ji kina roƙon babanki ya cire ta. Ki bar shi, 'yata, kuma don Allah kada ki wanke ta.

Sai dai ba a tsira ba tukuna. Shekarar Merv saba'in da huɗu, ba ya samun barci, ƙaramin cikinsu kuma jiya nauyinsa ya ragu. Saura mako uku kafin su iya lasar abinci da kansu. Mun bar Noeline ita kaɗai. Ba za mu maimaita a kan mijinta ba.

Merv, lokacin shan madararsu ya yi. Tashi ka tafi, ba wanda zai ce ka bar taron matarka. Ina bayanka, ka koya min abin da ta hana ni. Mai son ya karrama ta, ya bar shayin nan da kek, ya wanke hannu ya biyo mu.

Na gode muku. Allah ya jiƙan Noeline, ya ba ta hutun da ba ta taɓa yarda ta ɗauka ba, ya raya mana ukun nan. Amin.