Fankar Safara'u

Ina zaune a bencin wani shagon kayan kwamfuta a Unguwar Sarki, sai wani dattijo riƙe da kwalaye biyu ya juya ga saurayin da ke gefensa.

"Samari, ka san furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta? Da hannuna na haɗa wa 'yata Safara'u kwamfuta. Cikin biyun nan, wanne zan matsa wa ya wuce gudun da kamfani ya yanka masa?"

"Baba, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Na dama ya fi gudu in an matsa, amma zafi gare shi kamar murhu. Gaggawar me ake?"

"Zanen gini take karanta, shekarar ƙarshe. Kafin injin ya gama fitar da hoto ɗaya, an ɗauke wuta."

"To ɗauki mai gudun, kowa shi yake saye."

"Kowa a ɗakin kwano yake zaune? Jiya na tarar Safara'u ta juya wa injin fankarta, ita kuwa gumi har haɓa."

Saurayin ya nuna ɗaya kwalin. "Na hagu kaɗan aka fi shi, Baba, kuma sanyaya shi ba wuya."

"Shi zan ɗauka. Fanka ta koma kan mai ita."