Man da Aka Yi wa Azumi Ya Ƙone Fuskar Ƙanwata

Sannu da aiki, Anti mai gabatarwa, da ku masu sauraro. Ni ne Bitrus daga Makera, kuma raina a ɓace yake.

Ƙanwata Rifkatu ce ke jan waƙa a cocinmu. Man kaɗanya da sabulun salo kawai fatarta ta sani, yadda kakarmu ta koya mata. Da ƙuraje suka feso mata, wata mama a zumuntar mata ta ba ta mai a kwalba mara suna. Wai ganye ne da zuma, halittar Ubangiji zalla, har an yi azumin kwana uku a kansa.

Kwana biyu fuska ta fara raɗaɗi. Da Rifkatu ta koma wurinta, maman ta ce, "'Yata, addu'a ce ke aiki, kada bangaskiyarki ta yi sanyi." Haka yarinyar nan ta yi mako uku tana shafawa tana kuka.

Yanzu kumatunta sun saɓule. Likita ya ce man bilicin ne, kuma ba lallai tabon ya tafi ba. Na je wurin maman na ce, "Mama, me ya hana ki shafa wa 'yar cikinki?" Wai in ji tsoron Allah. Ni!

Lahadi huɗu ke nan Rifkatu ba ta leƙa sujada ba. Ina so in kai ƙara wurin fasto, ita kuwa tana roƙona in yi shiru. Ku ba ni shawara, jama'a, me zan faɗa mata? Har yau gani take bangaskiyarta ce ta gaza.