Baƙon Ranar Alhamis

Ranar Alhamis da hantsi, a bakin titin Samaru, Malam Mordecai, tsohon hedimasta, yana zaune a keken Palladan ana jiran cikon mutum ɗaya. Wata dattijuwa da ke gefensa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, unguwa za a?"

"Ziyara, Mama. Tunda na yi ritaya ban zauna ba. Litinin Zabi, Talata Sabon Gari, haka har Asabar. Duk gidan da na shiga ba a so in tafi."

"Allah ya ba ka lada. Ba irin wani ɗan fansho da ya addabi ƙanwata Clara ba, abokin mijinta. Kowace Alhamis, tana sauke tukunya sai ga sallamarsa."

Malam Mordecai ya gyara zama. "Ƙila zumunci ne."

"Zumunci? Ya tashi da malmala uku, ya yi minshari a kujerar maigida, ya farka ya bi littattafan yara da jan biro! Ita tausayinsa take ji, matarsa ta rasu. Shi ya sa ta kira ni, yau ni zan tare shi."

Malam Mordecai ya ɗora hannu a aljihun rigarsa, ya rufe kan jan bironsa. Daidai nan cikon fasinja ya shigo ya toshe ƙofa, keke ya tashi.

"Har miya yake ba maki, Baba! Wancan makon wai biyar bisa goma ya ba ta."

"Bakwai."

"Na'am?"

"Bakwai na ba ta, Mama. Da ta rage gishiri ma, takwas za ta ci."