Yaranmu Suna Karatu a Tsohon Gidan Silima

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu saurare. Ni ce Hadiza mai waina, daga yankin Tasawa.

A garinmu akwai tsohon gidan silima mai ɗaki biyu, ɗaya na Indiya, ɗaya na karate. Muna yara babana ne ke kunna injinsa. Da bidiyo ya shigo aka rufe shi, ya zama mangaza, wato ma'ajiyar wake, daga baya aka bar wa jemagu.

Bana iska ta kwashe rumfar lakol, wato makaranta, sai aka mai da yara ɗaki ɗaya na gidan silimar. Ranar Talata ana ruwa na ji ƙara kamar aradu, na fita a guje ba takalmi. Ashe ɗakin da ba kowa ne ya rufta. Na iske ɗiyata Balki tare da 'yan ajinsu. Ta ce, "Inna, namu bangon ma yana motsi."

Mushe, malaminsu, ya ce su koma Litinin, don babu wani wuri. Ni kuwa da na ga hadari sai gabana ya faɗi. Malam, in tura ta ko in hana ta? Don Allah ku ba ni shawara kafin Litinin.