Jakar Bayan Ƙofa

A bencin jiran likitan ƙwaƙwalwa, wata dattijuwa ta ɗauke jakarta ta ɗora a cinya, wani tela ya samu wurin zama.

"Mama, tun ba a ba ku gado ba kika zo da kaya?"

"Karo na biyar ke nan bana, ɗan nan. 'Yata ce. Likita ya ce ba hauka ba ne, ciwo ne a halinta. Kullum gani take za a guje ta. Ka makara kaɗan, ta ce ka gaji da ita, sai ta ji wa kanta rauni."

"Allah ya ba ta lafiya. Ni ƙanena na kawo, yau ne farkonmu."

"To koyi da ni. Jakar nan ba na kwance ta. Silifas, zane biyu, katin asibiti. Ana sallamarmu nake wankewa in mayar, in ajiye bayan ƙofar falo."

"Inda take gani?"

"Ai nan ne kusa da hannu."

Tela ya dubi jakar.

"Ki gafarce ni, Mama. Ni dai in na tarar an ɗaure mini kayana a bakin ƙofa, ba sai an ce mini komai ba."

Ta buɗe baki za ta rufe shi da faɗa, sai ta tuna yadda kowace safiya 'yarta take ƙura wa bayan ƙofar ido kafin ta gaishe ta.

"Ni da nake cewa shiri ne," ta ce a hankali, ta tura jakar ƙarƙashin benci.